Zargi Daban, Laifi Daban

'Yan'uwa ɗalibai, wata ɗabi'armu tana ci mini tuwo a ƙwarya. Da an yi kamen 'yan daba a Ƙofar Mata, sai mu cika Facebook da "an cafke masu laifi". To, wa ya yanke musu hukunci?

Na hannun 'yan sanda, zarginsa ake yi. In an gurfanar da shi a kotu, tuhumarsa ake yi. Sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar. Da yawan mazauna gidan yarin Kurmawa ma jiran shari'a suke.

Ƙaramin yaro kuwa, gidan ajiyar yara na Goron Dutse ne wurinsa. Alƙali na iya sallamarsa gobe, amma hotonsa da muka yaɗa yana nan a wayoyin 'yan unguwarsu.