Soyayya a Rigar Tarihi

Ina ajin ƙarshe a makarantar Arabiyya wani abokina ya ara mini littafin Jurji Zaidan kan Abbasa, 'yar'uwar Halifa Haruna Rashidu. Dare biyu na kwana a kansa da fitilar ƙwai. Ƙissar ta ce Haruna ba ya jin daɗin hira sai da mutum biyu: Abbasa da wazirinsa Ja'afar Barmaki. Sai ya ɗaura musu aure don zaman ya halatta, bisa sharaɗin kada su kusanci juna. To, wa ke ajiye auduga kusa da wuta? Aka haihu a ɓoye, asiri ya tonu, aka fille kan Ja'afar.

Ba a jima ba malaminmu na tarihi ya tambayi aji dalilin faɗuwar gidan Barmaki a shekarar 803. Na miƙe da ƙarfin gwiwa na zazzage masa labarin kaf. Ya bar ni na kai aya, sannan ya ce in je in duba farkon Muƙaddima ta Ibn Khaldun. A can na tarar shehin ya yi fatali da ƙissar. Ya ce 'yan gidan Barmaki sun mamaye mulki da baitulmali ne, har halifa kan nemi 'yan kuɗi kaɗan ya rasa. Ranar na ji kunya, duk da cewa ba Zaidan ne ya ƙirƙiri zancen ba, don malamin tarihi Ɗabari ma ya kawo shi.

Har yau ban bar karanta irin waɗannan littattafai ba, kuma ba na goyon bayan masu cewa a raba yara da su. Zaidan Kirista ne da aka haifa a Beirut a 1861. Ya kafa mujallar Al-Hilal a Alƙahira a 1892, ya rubuta labaran tarihin Musulunci sama da 20 kafin rasuwarsa a 1914. Dabararsa ita ce ya sa saurayi da budurwa a gaba, tarihi na biye da su. Ni kam ta ci ni. Ina bin sawun Florinda da Alfonso a littafinsa na buɗe Andalus na san yadda Ɗariƙu ɗan Ziyadu ya ƙetare teku a 711, kuma shekarar ba ta sake fita daga kaina ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda ake maida babban al'amari ƙarami. Daula ta rushe saboda haraji da zalunci da rikicin gadon sarauta, amma marubuci ya ɗora wa idon budurwa ɗaya. Ga kuma 'yar sarkin da ke magana kamar ɗalibar jami'a ta bana. Wanda bai yi sa'ar malami irin nawa ba, da wannan zai tsufa yana zaton ilimi ne.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne namu marubutan. Yawancin littattafan soyayyarmu ba sa wuce mota da waya da falon attajiri. Alhali Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna tuntuni cewa zamanin bauta da ayarin Sahara na karantuwa da Hausa. Ina labarin budurwar da ke jiran falken da ya tafi Gwanja fataucin goro? Ina na ɗan marina a Ƙofar Mata da 'yar dillalin Kasuwar Kurmi?

Ku rubuta mana, don Allah. Amma ku tambayi tsofaffi, ku duba littattafan tarihi, sannan ku ware shafi ɗaya a ƙarshe ku faɗa wa mai karatu abin da ya faru da gaske da abin da kuka ƙaga.