Man Fetur a Yammacin Zamfara: Suna Ban Da Hali

A takardun gwamnati, sunan fetur ɗin da muke sha PMS, kuma harafin farko na nufin mai daraja ta ɗaya. Amma duk direban da ke bin hanyar Mayanci zuwa Anka, ya ratsa Ɗaki Takwas ya isa Gummi, ya san cewa suna linzami ne kawai, ba shi ne dokin ba.

A Amurka ko Ingila, gidan mai guda kan sayar da fetur iri biyu ko uku, gwargwadon ma'aunin oktan, wato juriyar mai ga matsi kafin ya kama wuta a cikin inji. Motocin zamani masu ƙarfi na bukatar mai babban oktan, in ba haka ba inji ya riƙa ƙwanƙwasa, ƙarfinsa ya ragu. A nan kuwa famfo ɗaya ne ga kowa, mai Marsandi da ɗan acaɓa. A da, dalma ake zubawa a fetur don ɗaga oktan, har aka daina a duniya baki ɗaya a 2021. Mutanen Anka da Bukkuyum sun san sharrin dalma, domin a 2010 gubarta daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400.

To, me ya sa maganar inganci ta zama ta masu ƙoshi? Dalili na farko nisa ne. An shimfiɗa bututu daga matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, zuwa defo na Gusau, amma da matatar ta durƙushe sai lamarin ya koma kan tankoki daga Kudu. Matatar Ɗangote da ta fara fitar da fetur a 2024 a Legas take, kuma tun janye tallafi a watan Mayun 2023, na nesa shi ke biyan kuɗin nisansa.

Na biyu tsaro. A 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta hana sayar da mai a jarka don toshe wa 'yan bindiga hanya, sannan a watan Oktoban 2022 ta rufe Anka da Bukkuyum da Gummi na wani lokaci. Niyya mai kyau ce, sai dai duk inda gidan mai ya rufe, ɗan bumburutu ke cin kasuwa, kuma babu mai auna abin da ke cikin galan ɗinsa.

Kada mu manta da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi daga Beljiyam a farkon 2022. Idan irin wannan ya iya wuce tashar jiragen ruwa, wa zai tare shi a Nasarawar Burkullu?

Saboda haka ya kamata hukumar NMDPRA ta riƙa gwada mai a gidajen man ƙananan hukumomi, ba a Gusau kaɗai ba, ta kuma tilasta rubuta ma'aunin oktan a jikin kowane famfo, da Hausa. Wanda ya biya kuɗinsa yana da haƙƙin sanin abin da ya saya. Allah ya sa masu iko su ji.