Wa Ke Kwana A Ƙofar Shagonka, Alhaji?

Ƴan uwana ƴan kasuwa na Maraɗi, Ɗan Isa, Jibiya da sauran kasuwannin bakin iyaka. Aikina na gidan rediyo yakan sa in tashi bayan ƙarfe 11 na dare, kuma hanyar gidana ta gefen babbar kasuwar Maraɗi take bi. Abin da nake gani a wannan lokaci da yawanku ba ku ganinsa, domin kun riga kun ja ƙofa kun tafi wajen iyali. Kasuwar da kuka bari wayam cika take sake yi. A ƙarƙashin tebura, a bakin shaguna, a bayan motocin da ke jiran lodi, mutane ne kwance a kan kwali da buhu, kowa ya yi matashi da takalminsa don kada gari ya waye babu shi.

Da safe idan muka tarar da su, suna ɗaya muke ba su duka: mabarata, ko kuma ɓarayi. Nan kuskurenmu ya fara. Na sha zama da su da na'urar ɗaukar magana, kuma kowa da abin da ya fito da shi. Akwai ɗan ci-rani wanda ya baro ƙauye bayan girbi, yana dako ko turin ruwa, ya gwammace ya kwana a fili ya aika wa iyali kuɗin haya. Akwai matar da aka saka, gidan iyayenta ba hali, tana wanke-wanke wajen masu tuwo da goyo a baya. Akwai almajirin da ya gudo daga makaranta, da mai taɓin hankali wanda dangi suka gaji da shi. Tun 2019 an samu ƙarin waɗanda ƴan bindiga suka koro daga Zamfara, Sakkwato da Katsina. Ga kuma waɗanda ruwa ya ci gidajensu. Ba mu manta da ruwan ƙarshen watan Agusta na 2024 ba, wanda ya rusa gidaje ya kashe mutane a cikin garin Maraɗi, a shekarar da sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, ajujuwa da yawa suna cike da waɗanda suka rasa muhalli.

Mu kuwa magani guda muke ba su duka: dala ashirin ranar Juma'a, ko ragowar tuwo. Allah ya ba da lada, amma duk wanda na tambaya abin da ya fi damunsa, da wuya ya fara da abinci, domin a kasuwa mai ƙarfi ba ya rasa abin sawa a baki. Wani matashi ɗan dako ya shaida mani cewa sau biyu ana yanke masa aljihu yana barci, aka tafi da abin da ya tara na wata da watanni, shi ya sa yake cikin garin har damina ta wuce, kunya ta hana shi komawa gida hannu rabbana. Buƙatarsa ita ce amintaccen wurin ajiya. Mata kuwa makewayi da wurin wanka suke fara ambata, sannan su sassauta murya su faɗi abin da ya fi wannan muni, wato mazan da ke zagayawa cikin dare, wasunsu ma da riguna masu tsada.

Kowane lokaci na shekara da irin azabarsa. A Disamba da Janairu sanyin hunturu ne, wanda ke sa su hura wuta da kwali da leda a gefen kayanku. Da damina sauro ne da zazzaɓi, ga ƙasa jiƙe babu inda za a shimfiɗa buhu. Yaron da ba ya iya barci saboda sanyi da tsoro shi ne wanda ake koya wa shaƙar sholisho da haɗiyar tiramol. Sannan akwai matsalar takarda. Da yawansu ba su da takardar haihuwa balle katin shaidar ɗan ƙasa, wasu kuma ruwa ya cinye nasu. Wanda ba shi da takarda, ku da kuke ƙetare shingaye kullum kun fi ni sanin yadda yake ƙarewa idan an yi kame.

Na san abin da wasunku za su ce: a cikinsu akwai masu fasa shago, kuma idan aka gyara masu wuri wasu za su ƙara kwararowa. Gaskiya ne akwai ɓata-gari, kamar yadda a cikin ƴan kasuwa akwai masu tauye mudu. Amma wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma ɓarawo ya fi jin daɗin taron da ba wanda ya san sunan kowa. Batun kora kuwa, mun ga iyakarsa. A 2022 gwamnati ta kwaso ɗaruruwan ƴan ƙasarmu masu bara daga Dakar a jirgin sama, akasarinsu ƴan yankin Kance da Magarya, amma bara ba ta ƙare ba, saboda abin da ya fitar da su daga gida yana nan. Wanda aka kora daga bakin kasuwa tasha yake komawa, idan an kore shi daga tasha ya dawo kasuwa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, kasuwancin Bahaushe a kan saukar baƙo aka gina shi. Kakanninku fatake da suka je Gwanja neman goro a zango suke sauka, fatoma ya ba su ɗaki, ya ajiye masu dukiya, ya tsaya masu. Kowane gidan mai hali yana da zaure inda baƙo zai kwana ba tare da an tambaye shi ko ɗan wane ne ba. Yau mun rushe zaure mun sa ƙofar ƙarfe. Garin Maraɗi ma kansa, bayan ambaliyar 1945 ta cinye tsohon gari a bakin gulbi aka hauro tudu, ke nan iyayenmu sun san rashin wurin kwana. Ku ma kun ɗanɗana: lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, da lokacin takunkumin 2023, direbobi da yaran mota nawa suka yi makonni suna kwana a ƙarƙashin tirela?

Shawarata ba ta fi ƙarfinmu ba. Idan shaguna 500 suka riƙa zuba dala ashirin kowane mako, jika 50 ke nan. Wannan zai biya mai gadi, ya sayi tabarmi da gidan sauro, ya biya kuɗin ruwa. Shugabannin ƴan kasuwa da na tasha su nemi ma'aikatar magajin gari ta ba da rumfa biyu, ɗaya ta maza, ɗaya ta mata da yara mai ƙofa da makewayi. A sa littafi a rubuta sunan kowa da garinsu, a samu dattijo amintacce mai karɓar ajiya. Duk lokacin da alƙalai suka fito zaman ba da takardun haihuwa, a kai su. Mara lafiya a raka shi likita, mai son komawa gida a haɗa shi da direban garinsu. Wannan ya fi araha a kan gobara guda ɗaya da wutar jin ɗumi za ta tayar.

Kafin a kai ga haka, gobe idan ka zo buɗe shago ka tarar da mutum a ƙofa, Alhaji, kada ka fara da tsawa ko watsa ruwa. Gaishe shi, ka tambaye shi sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi. Wataƙila amsar da zai ba ka ta fi dala ashirin ɗinka sauƙin biya. Allah ya rufa mana asiri, ya sa mu gama lafiya.