DILLALAI CIKIN RIGAR ALƘALAI

Jama'a, akwai wata sabuwar sana'a da ta shigo mana ta cikin waya, kuma samarinmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun fara zuba mata kuɗin guminsu. Mutum ne zai zauna gaban kyamara a YouTube ko TikTok ko Facebook, ya yage kwali, ya fito da hedifon mai tsada, ya ɗora a ka, ya lumshe ido, ya ce wallahi tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin sauti irin wannan ba. Wai shi mai sharhin kaya ne, wai alƙali ne tsakanin kamfani da mai saye. To, mu tambayarmu guda ce: wa ya ba shi hedifon ɗin, kuma nawa yake samu in aka saya?

Kada wani ya ce zancen abin saƙalawa a kunne bai isa a ɓata masa tawada ba. Kamfanin Apple ya fito da AirPods Max a watan Disamba 2020, a kan dala 549. A canjin 2024, lokacin da dala ta haura naira 1,500, kuɗin ya wuce naira 800,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a wannan shekara naira 70,000 ne. Wato kusan albashin leburan gwamnati na shekara guda ke nan. Ko waɗanda ba su kai rabin wannan ba, sai yaro ya sayar da buhunan masara kafin ya taɓa su. Masu sayen kuwa mun san su: yaran da ke ɗaukar waƙa a situdiyo, da masu haɗa hoton biki, da ɗaliban da ke bin karatu ta waya. Kayan aikinsu ne, kuma ba su da kantin da za su shiga su gwada sai sun yi tattaki zuwa Funtuwa, ko Farm Centre a Kano. Don haka suke jingina da bakin mai sharhi.

Ga yadda cinikin yake tafiya. Kamfani ya aika wa mai sharhi kaya kyauta, ko aro, tun kafin su shiga kasuwa. Shi kuma ya yi sauri ya riga 'yan'uwansa fito da hoto, don na farko shi ke kwashe 'yan kallo. A ƙarƙashin hoton ya ajiye wani wuri da za a latsa a saya, duk wanda ya saya ta nan ana yankar masa la'ada. In ya yaba, gobe a sake aiko masa. In ya kushe, a manta da sunansa. Ba sai an ce masa ya yi ƙarya ba. Hausawa sun gama magana da suka ce in baki ya ci, ido ya ji kunya.

Mu ba mu ƙi dillanci ba. Ku je kasuwar shanu ta Sheme ku gani. Kowa ya san dillali, kowa ya san la'adarsa, a gaban mai saye da mai sayarwa ake ba shi. In saniya ta fito ta sata ce, shi za a fara nema, kuma ba shi da wurin gudu, don a garin yake kwana. Mai sharhin intanet kuwa ya ɗauki la'adar dillali, ya sa rawanin alƙali, ya bar nauyin duka biyun a ƙasa. In kunne ɗaya ya mutu bayan wata biyu, ina za ka same shi? Ya wuce kan kwali na gaba. Kwana uku ya yi da kayan, ya yanke musu hukunci, alhali ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Wannan ba zargi ne na mahassada ba, don Turawan da suka ƙago sana'ar sun kama junansu. A 2021 kamfanin Amazon ya kori Mpow, mai sayar da hedifon, tare da Aukey daga kasuwarsa, kuma a watan Satumba na shekarar ya ce ya rufe wa tambura 600 ƙofa saboda sayen yabo. A watan Oktoba 2022 hukumar hannun jari ta Amurka ta sa Kim Kardashian ta biya dala miliyan 1.26, don ta tallata wani kuɗin intanet ba ta faɗi cewa an biya ta dala 250,000 ba. A 2024 hukumar ciniki ta wannan ƙasa ta kafa doka ta hana saye da sayar da sharhin bogi, da tarar da ta haura dala 50,000 a kan kowane laifi.

Ko mai sharhin da bai karɓi ko anini ba, kunnensa ba sikeli ba ne. A 1994 wasu masana biyu na kamfanin Harman, Floyd Toole da Sean Olive, suka tara mutane suka kunna musu lasifikoki. Da aka bar su suna kallo, manya masu tsada suka kwashe maki. Da aka ja labule, sai tazarar ta ragu ƙwarai. Ashe ido ne ke saurare! A 2017 kuma wani masani, Jeroen Breebaart, ya auna hedifon 283 da na'ura, bai ga wata alaƙa tsakanin tsadarsu da daidaiton sautin da suke fitarwa ba. To, ina kuma ga wanda ya ga tambari, ya ga farashi, ga kuma la'ada tana jiransa? Ƙari a kan haka, kai da ke zaune a Sabuwa kana jin sharhin ta lasifikar wayarka, me ka ji na sautin? Bakinsa kawai ka ji. Cinikin biri a sama ke nan.

Akwai na kirki a cikinsu, ba mu musa ba. Akwai irin su Rtings na ƙasar Kanada, waɗanda suke sayen kayan da kuɗinsu, su auna, su buga abin da na'ura ta nuna. Alamar na kirki a fili take: yana faɗin inda ya samo kayan tun da farko, yana faɗin aibinsu, wani lokaci ma ya ce maka kada ka saya. Wanda duk abin da ya taɓa ya fi na jiya, wannan maroƙi ne, sai dai maroƙi ya fi shi gaskiya, don shi ba ya ɓoye cewa kyauta yake jira.

Ina hukuma? An kafa FCCPC mai kare haƙƙin masu saye bisa dokar 2018. An kafa ARCON mai kula da tallace-tallace a 2022, har ta ba da sanarwa cewa daga Janairu 2023 masu talla a intanet su kawo tallansu a duba. Dokoki kam ga su nan a takarda, cikin Turanci, a Abuja da Ikko. Amma masu mulkin da suka iya toshe layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina a watan Satumba 2021, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da sunan yaƙi da 'yan bindiga, ba za su ce mana ba su da ikon sa mai talla ya furta kalma guda ba.

Abin da muke nema uku ne. Na ɗaya, duk mai sharhin da aka ba kaya ko kuɗi ko la'ada, ya faɗa da bakinsa a farkon magana, cikin harshen da yake sharhin. Na biyu, hukumomin nan su bayyana dokar da Hausa a gidajen rediyo, su kuma hukunta wanda ya ɓoye. Na uku, 'yan kasuwa su bar mai saye ya gwada, su ba shi rasit da wa'adin mayarwa.

Ku kuma samari, kafin ku zaro kuɗi, ku ɗauki wayarku da waƙa ko karatun da kunnenku ya saba da shi, ku sa mai tsada da mai araha ɗaya bayan ɗaya, ku rufe ido, abokinku ya riƙa sauya muku. Ku tambayi wanda ya yi shekara da irinsa, ku tambayi mai gyara wane ne ya fi zuwa teburinsa. An ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ya kamata ya kori gani. Allah Ya tsare mana guminmu, amin.