MASU SAYAR DA SHAWARA A ƘOFAR KOTU

Duk wanda ya saba zuwa kotunan ƙasar nan ya san waɗansu mutane masu zama a gindin itace da jaka cike da takardu. Da sun hangi baƙauye a ruɗe sai su tare shi, su ce sun san doka ciki da bai, su karɓi kuɗinsa, su tsara masa abin da zai yi. Da yawansu kuwa ba lauyoyi ba ne.

Dokar Nijeriya a fili take. Tun 1962 aka kafa Makarantar Horon Lauyoyi a Ikko. Mutum ba ya zama lauya sai ya ci jarrabawarta, an karɓe shi cikin lauyoyi, an kuma rubuta sunansa a littafin Kotun Ƙoli. Wanda ya yi aikin lauya ba ta wannan hanya ba ya yi laifi.

Wani zai ce ai ba da shawara taimako ne. Lalle idan dattijo ya ce wa maƙwabcinsa ya nemi sulhu, ba mu ga aibu ba. Amma mai karɓar kuɗi da sunan sanin doka amana ya ɗauka. Ga misali: wanda Babbar Kotu ta yanke wa hukuncin ƙarshe a rigimar gona, wata 3 doka ta ba shi ya ɗaukaka ƙara. In ɗan gindin itace ya ce masa ya dakata sai bayan kaka, lokaci ya wuce, sai roƙon kotu, ta yiwu kuma ta ƙi. Gona ta tafi ke nan. Lauyan gaske in ya ci amana akwai kwamitin ladabtarwa mai ikon soke sunansa. Wannan fa, wa zai kama shi? Gobe ya sake inuwa.

Mun san tsadar lauya ce ke kora talaka wurinsu, amma araha ba ta ado. Tun 1976 gwamnati ta kafa hukumar ba marasa ƙarfi lauya kyauta. Muna roƙon hakimai da limamai su sanar da jama'a wannan, magatakardan kotu kuma su riƙa nuna wa baƙo hanya. Ku kuma jama'a, kafin ku miƙa ko kwabo, ku tambayi mutum shaidarsa. Mai gaskiya ba ya fushi da tambaya.