Murya daga gaba take: a gyara lasifikar ƙofa kafin a cika but da wufa

Maganar da na zo da ita yau ta mota ce. Wanda ba shi da mota kada ya tashi, domin ko ba ka da taka kana shiga ta wani, kuma kunnenka ne ke shan abin da mai motar ya zaɓa.

Motata Honda Accord ce ƙirar 1999, wadda ake yi wa laƙabi da Baby Boy. 'Yar Kwatano ce, kuma ta bi ta hannun mutum biyu kafin ta iso gare ni. Inji lafiya, giya lafiya, amma in ka kunna rediyo sai ka ce mai labarai ya cusa kansa a cikin tulu. Lasifikar ƙofar direba tana ziza kamar ƙudan zuma, ta ɗaya ƙofar kuwa ta yi gum. Na kai ta wurin wani mai wayarin, bai saurara ya kai minti ɗaya ba ya ce, "Yallaɓai, ai waɗannan na gaba ba su ne kiɗa ba. Bari a sa maka wufa a but da amfilifaya, ka ji yadda mota za ta koma sabuwa." Na biye masa. Kuɗin da na ware don sauya tayoyin baya, su na zuba.

Bayan mako biyu muka kama hanyar Katsina ɗaurin aure, kawuna yana zaune a baya. Na sa mana Shata. Wufa ta ɗauki gindin kiɗan tana dukan bayan kujera har madubi na rawa, ni kuwa ina ta jin kaina. Ba mu kai Bichi ba kawu ya taɓa kafaɗata ya ce, "Kai ɗan nan, ganga dai ina jin ta har cikin haƙarƙarina, amma me mutumin nan yake cewa?" Na rasa amsa, domin ni ma daga abin da na haddace nake bin waƙar. Da muka fito daga wurin ɗaurin auren, yara sun bar kiɗa a kunne, batir ya kwanta, sai da wani bawan Allah ya jona mana nasa. A kan tsofaffin tayoyin nan muka dawo Kano da daddare.

Tun ranar nake da ra'ayin da zan kare a nan: mai tsohuwar mota, in yana da kuɗin gyara ɗaya tak a ɓangaren sauti, lasifikun gaba ya kamata ya sauya. Wufa ta jira, in ma har za ta zo.

Dalilin farko shi ne abin da muke saurare. Ka tsaya a kowace danja da safe ka kasa kunne ga motocin da ke kewaye da kai. Labarai ne, ko shirin siyasa, ko karatu, ko tafsiri, ko waƙar da daɗinta yana cikin abin da mawaƙin ya faɗa. Sashen Hausa na BBC yana magana da mu tun 1957. Shata da kalangu, Ɗanƙwairo da kotso, Ɗanmaraya Jos da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, dukansu kiɗan rakiya yake yi wa magana. Me wufa za ta samu a cikin kuntigi?

Sauti girgizar iska ce, ana auna ta da yawan kaɗawa a sakan ɗaya, ma'aunin da ake kira haz. Lafiyayyen kunnen matashi yana ji daga wajen haz 20 zuwa 20,000. Wufa tana aiki ne a can ƙasa, galibi daga haz 100 zuwa abin da ya yi ƙasa. Ita kuwa magana, abin da ke sa a gane ta yana tsakiya da sama. Tsohon layin tarho daga haz 300 zuwa 3,400 kawai yake ɗauka, amma da shi mutane suka yi shekaru suna ƙulla ciniki da neman aure. Bambancin "sa" da "sha", ko "kafa" da "ƙafa", ko "sara" da "tsara", ba ya cikin dum-dum ɗin but. Mu da muke faɗa da juna a kan wanda ya rubuta "kasa" a wurin "ƙasa", bai kamata mu yarda motarmu ta riƙa haɗiye mana wannan lanƙwasar ba.

Dalili na biyu shi ne mazaunin kunne. Direba a gaba yake, kuma ɗan Adam ya saba mai magana ya fuskance shi. Siririn sauti yana tafiya ne kai tsaye kamar hasken tocila, kujera da jikin fasinja suna tare shi. Lasifikun baya na irin motata, masu faɗin inci 6 da tsawon inci 9, a bayan kujerar baya suke, gilashi suke kallo. Duk kyansu, kafin muryar ta iso ga direba ta sha duka. Sai ya ƙara murya don ya ji, wanda ke zaune a baya kuma ya kama ciwon kai.

Dalili na uku, lasifikun gaba su ne suka fi shan wahala. A cikin ƙofa suke. Ta masana'anta galibi fatarta ta takarda ce, wasu kuma an zagaye bakinsu da soso. Ka lissafa shekara ashirin da wani abu na zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da ruwan damina da ke bin gilashi yana gangarawa cikin ƙofa, da bugun ƙofa sau goma a yini. Soson nan yana rududdugewa, takardar ta tsage, sai zizar nan ta fara. Da aka buɗe ƙofar motata daga baya, ina taɓa bakin lasifikar da yatsa ya zube kamar tsohon ƙuli-ƙuli. Mai wayarin ɗin farko ko buɗewa bai yi ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Dalili na huɗu shi ne wuta. Altanetar irin waɗannan motoci galibi amfiya 70 zuwa 90 take bayarwa tana sabuwa, kuma da ita ake ciyar da fitilu, da fankar inji, da na'urar sanyaya mota. Amfilifaya mai ƙarfin wat 500 na gaskiya, in aka ƙure ta, tana iya jan amfiya 40 ita kaɗai. Shi ya sa za ka ga fitilar wata mota tana lumshe ido daidai da bugun kiɗa. In kuma aka ja mata waya daga batir ba a sa fis kusa da batirin ba, ranar da wayar ta goge ta taɓa ƙarfe, gobara ce. Sauya lasifikun ƙofa kuwa ba ya ƙara wa batir wani nauyi.

To, in mutum ya yarda, me zai duba? Kafin ya sayi komai, ya tabbatar da mai laifin. A rediyon mota akwai wurin karkata sauti gaba ko baya, hagu ko dama. Ya kai shi kowace kusurwa ita kaɗai ya saurara. Wani lokaci lasifikar lafiya lau take, waya ce ta karye a cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, inda take lanƙwashewa duk buɗewa da rufewa. Wannan gyaran ko kuɗin cefanen yini bai kai ba.

In ta tabbata lasifikar ce, a cire tsohuwar a tafi da ita kasuwa. Girman da aka fi samu a ƙofar gaba shi ne inci 6.5 da inci 5.25, wasu motocin kuma inci 4 a kan dashbod. Faɗi kaɗai bai isa ba, sai an auna zurfi. Sabuwa mai ƙaton maganaɗisu tana iya hana gilashi sauka, ko gilashin ya riƙa gogar ta. Sannan a duba bayanta, yawancin lasifikun mota om 4 ne. Ta rediyon ɗaki mai om 8 za ta yi magana ƙasa-ƙasa, mai om 2 kuma tana iya sa rediyon da ba a yi shi don ita ba ya yi zafi har ya ƙone.

Kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. Wat 600 ko 1,000 da ake rubutawa da manyan haruffa ƙarfin ƙiftawar ido ne. Wanda ake aiki da shi shi ne wanda aka rubuta RMS a gefensa. Shi kansa rediyon da aka rubuta wa wat 50 sau huɗu, abin da yake bai wa kowace lasifika a zahiri bai cika wuce wat 20 ba. Saboda haka lasifikar da ta dace da shi ita ce mai saurin amsawa, wadda ƙaramar wuta ke isar ta. Ana rubuta wannan da desibel, kuma mai 90 ko sama da haka ita ake nema. Ƙarin desibel 3 daidai yake da ninka ƙarfin rediyon sau biyu, ba tare da an taɓa batir ba. A zaɓi mai fatar roba da baki na roba, ita ce ke jure zafi da laima.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wadda aka ɗora mata 'yar ƙaramar lasifikar siririn sauti a tsakiyarta, ita ce mai sauƙin kuɗi da sauƙin ɗaurawa, kuma ta ishi yawancinmu. Akwai kuma wadda ƙaramar take zuwa daban, a kafa ta sama kusa da madubin gefe ko kan dashbod, da ɗan akwatin da ke raba wa kowace nata sautin. Wannan ta fi tsada, amma tana ɗago murya daga wajen gwiwa ta kawo ta daidai fuska. Jabu kuma ya yi yawa, ana buga sunan manyan kamfanoni a kwalin abin da ba su san da shi ba, don haka a sa a jona ta a saurari magana da ita kafin a biya, ba kiɗa kawai ba.

Wajen ɗaurawa, abu uku nake roƙo a tsaya a kai. Na ɗaya, kada a juya waya. In aka juya ta ƙofa ɗaya, fatar wannan tana fita ta waccan tana shiga, sai su cinye kaurin sautin juna, ka sayi sabuwa ka ji ta kamar gwangwani. Ana gane ƙafar lasifika da ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5: in aka taɓa fatar ta turo waje, ƙafar da ke kan batirin ita ce mai alamar tarawa. A jikin lasifikar da aka cire ake wannan gwaji, kada a kuskura a yi shi a kan wayoyin mota barkatai, musamman masu launin rawaya, domin galibi na jakar iskar kariya ne. Na biyu, ledar da ke manne a cikin ƙofa a mayar da ita, ita ke tare ruwa. Na uku, a ɗaure lasifikar tsam ba tare da kafar iska a gefenta ba. Wanda kuma zai cire kan batir kafin aiki ya fara tabbatar yana da lambar sirrin rediyonsa, don wasu rediyoyin masana'anta suna kullewa in wuta ta yanke.

Na san abin da za a ce mini. Matashi zai ce shi kiɗan zamani yake ji, kuma kiɗan zamani ba ya daɗi sai da dum. Gaskiyarsa, kuma kuɗinsa ne. Amma ko mawaƙin zamani baiti yake rerawa, kuma wufa a kan matattun lasifikun gaba kamar babbar riga ce a kan yagaggen wando. Ya fara da gaba, in ya ga da saura ya ƙara. Ya kuma tuna cewa a titin da babur da A-daidaita-sahu ke fitowa ta ko'ina, direban da ba ya jin hon ko jiniya ya rufe wa kansa ido ɗaya.

Wani zai ce a je Ƙofar Ruwa a ciro ta asali daga jikin irin motar, ta fi arha kuma za ta zauna daidai. Zama kam za ta zauna, kuma ga ƙarfe ko fitila ni ma can nake nufa. Sai dai lasifikar da aka ciro daga motar 1999 ita ma shekarunta ke nan, sosonta sa'an wanda ya mutu ne.

Wani kuma zai ce tsohuwar mota ba ta cancanci wannan ɗawainiya ba. Ni a ganina ita ta fi cancanta. A yadda farashin mota ya koma, yawancinmu da wadda muke da ita za mu ci gaba da zama shekaru masu zuwa. Wanda ke shafe awa biyu kullum a cunkoso, a cikin motar yake jin labarin duniya, a ciki yake bitar karatunsa. Amma in taya ko birki na neman kuɗi, su ne gaba da kowace lasifika. Wannan darasin na biya kuɗinsa a hanyar Katsina.

Daga baya na sayar da wufar da asara, na sayi tayoyi, ragowar na sa lasifika biyu masu inci 6.5 a ƙofofin gaba. But ɗina ya dawo yana ɗaukar buhun shinkafa. Da na sake ɗaukar kawu, a gaba ya zauna, na sa masa waƙar nan dai ta ranar. Bai ce ta yi kyau ba, shi ba ya yabo. Sai dai mun yi nisa kaɗan na ji yana yi wa Shata amshi, har ya gyara mini wata kalma da na shekara goma ina rerawa ba daidai ba.

Allah Ya tsare mana hanya, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.