Kurket: Wa ake yafe wa maguɗi, wa ake barin sa da tabonsa?

A makon farko na watan Disambar 2023, ana saura 'yan kwanaki Pakistan da Ostireliya su kara a wasan kurket a birnin Perth, sai ga ƙasashen biyu kowacce ta shiga cacar baki da kanta, kuma a kan abu guda: mutumin da aka taɓa kamawa da maguɗi, wane matsayi ya kamata a ba shi?

A Pakistan, hukumar kurket ta ƙasar ce ta naɗa tsohon kyaftin Salman Butt a matsayin mai ba shugaban masu zaɓen 'yan wasa shawara. Wannan Butt ɗin shi ne wanda wata kotu a Landan ta ɗaure a 2011 saboda haɗa baki da dillalin caca. Jama'a suka yi caa, washegari shugaban masu zaɓen, Wahab Riaz, ya fito gaban 'yan jarida ya janye naɗin. A Ostireliya kuwa, tsohon ɗan wasa Mitchell Johnson ne ya yi rubutu a jarida yana tambayar dalilin da za a shirya wa David Warner bikin ban-kwana irin na gwarzo, alhali shi ne jigon abin kunyar da ya girgiza ƙasar a 2018. Bai tsaya nan ba, ya zargi shugaban masu zaɓe, George Bailey, da cewa ya cika kusanci da 'yan wasan da yake yanke hukunci a kansu.

Ra'ayina shi ne, matsalar kurket ba ta ƙarewa a ranar da aka yanke wa mai laifi hukunci. Hukunci na gaskiya yana teburin masu zaɓen 'yan wasa, kuma a wannan tebur babu rubutacciyar ƙa'ida. Wanda ake buƙata a yafe masa, wanda za a iya yi ba shi a bar shi da tabonsa.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatun da ya fi sabawa da ƙwallon ƙafa ya fahimci wani bambanci. A ƙwallon ƙafa koci ne yake fitar da sunayen 'yan wasa, shi ake kora idan abu ya lalace. A kurket an saba da kwamiti na musamman, yawanci na tsofaffin 'yan wasa, su ne ke zaɓen tawaga, su ne kuma ke ba hukuma shawarar wanda zai zama kyaftin. Shi kuma kyaftin a kurket ba ɗaura ƙyalle kawai yake yi a dantse ba. Shi ke tsara wanda zai yi jifa da lokacin da zai yi, shi ke jera 'yan wasa a fili, a wasan da kan ɗauki kwana biyar. Saboda haka duk wanda ya riƙe kujerar zaɓe ko ta kyaftin, abincin matasa da yawa yana hannunsa.

Bari mu fara da Pakistan. A watan Agustan 2010, gabanin wasan da za a yi a filin Lord's da ke Landan, jaridar News of the World ta ɗana wa wani wakilin 'yan wasa mai suna Mazhar Majeed tarko, ta ɗauki bidiyonsa yana karɓar fam 150,000. A madadin kuɗin ya faɗi daidai lokacin da masu jifan Pakistan za su ƙetare layi da gangan. Ƙetare layi ƙaramin laifi ne a kurket, maki ɗaya kawai ake ba abokin hamayya. Amma ga ɗan caca, sanin lokacin da zai faru shaida ce cewa 'yan wasan suna aljihunsa. Haka kuwa aka yi sau uku: Mohammad Amir sau biyu, Mohammad Asif sau ɗaya, Salman Butt yana kyaftin.

A watan Fabrairun 2011 hukumar kurket ta duniya, ICC, ta dakatar da Butt shekara 10 tare da jingine biyar, Asif shekara bakwai tare da jingine biyu, Amir kuma shekara biyar. A Nuwamban wannan shekarar kotu ta ɗaure Butt wata 30, Asif shekara ɗaya, Amir wata shida. Amir yana ɗan shekara 18 lokacin da abin ya faru, kuma ya amsa laifinsa a gaban kotu. Butt da Asif sun ci gaba da musu, sai a 2013 suka amsa, bayan ɗaukaka ƙararsu ta faɗi.

Dukkansu uku wa'adinsu ya cika a Satumban 2015, amma Amir kaɗai aka mayar cikin tawagar ƙasa. Ko shi ma ba a ruwan sanyi ba. A Disamban 2015 Mohammad Hafeez da Azhar Ali, wanda yake kyaftin na wasannin yini guda a lokacin, sun ƙaurace wa sansanin atisaye a Lahore don kada su haɗa sahu da shi, har Azhar ya miƙa takardar murabus, hukuma ta ƙi karɓa. Aka tafi da Amir New Zealand a Janairun 2016. A Yunin 2017, a wasan ƙarshe na gasar Champions Trophy a Landan, shi ne ya fitar da manyan masu dukan ƙwallon Indiya uku, Rohit Sharma da Virat Kohli da Shikhar Dhawan, Pakistan ta yi nasara da tazarar maki 180. Daga ranar bakin masu suka ya mutu.

Za a iya cewa adalci aka yi: yaro ya tuba an karɓe shi, manyan da suka ja shi an rufe musu ƙofa. Da haka ne da babu abin cewa. To amma hukumar da ta ga Butt bai cancanci sake sa rigar ƙasa ba, duk da makin da ya riƙa ci a gasar cikin gida, ita ce ta wayi gari ta ba shi kujerar tantance waɗanda za su sa rigar. Wanda ya ɗauko shi, Wahab Riaz, a ƙarƙashin kyaftin Butt ya fara buga wa Pakistan wasan kwana biyar, a wancan rangadin na Ingila a 2010. Wannan ba tsari ba ne, sanayya ce. Kuma ba doka ce ta soke naɗin ba, hayaniyar jama'a ce. Ran da jama'a suka gaji da hayaniya, naɗi irin wannan zai wuce salun-alun.

Yanzu mu leƙa Ostireliya, inda labarin ya juye. A ranar 24 ga Maris, 2018, a filin Newlands da ke Cape Town, kyamarar talabijin ta kama Cameron Bancroft yana goga wani abu mai ruwan ɗorawa a jikin ƙwallo, da ya ga an gano shi sai ya cusa shi cikin wando. Samfefa ce. Dabarar ita ce, idan gefe ɗaya na ƙwallon ya yi kaushi ɗayan yana santsi, to tana karkacewa a iska ta rikita mai duka. Goge ƙwallo a jikin wando halas ne a dokar wasan, kankare ta da wani abu kuwa maguɗi ne.

Binciken hukumar kurket ta Ostireliya ya nuna cewa mataimakin kyaftin, David Warner, shi ya kitsa abin, ya umarci Bancroft, ya kuma nuna masa yadda ake yi. Kyaftin Steve Smith ya san da shirin bai hana ba. Hukuncin ICC bai taka kara ya karya ba: dakatar da Smith wasa ɗaya da tara, Bancroft tara kawai da makin gargaɗi. Hukumar gida ce ta zare takobi, ta dakatar da Smith da Warner shekara guda-guda, Bancroft wata tara. Ta haramta wa Smith shugabanci na ƙarin shekara guda bayan dawowarsa, Warner kuma har abada. Koci Darren Lehmann ya ajiye aiki.

Ina suka ƙare? Smith ya dawo a 2019 ya ci maki 774 a wasa huɗu da Ingila. Zuwa Nuwamban 2021 ya zama mataimakin kyaftin, wata guda bayan nan ya jagoranci ƙasar a Adelaide. Warner ya koma gurbinsa, ya sanar da ranar da yake so ya yi ritaya da filin da yake so, aka kuma cika masa buri a Sydney a Janairun 2024. A Oktoban 2024 aka ɗage haramcin nan da aka ce na har abada ne.

Bancroft fa, ƙaramin cikinsu, wanda wasansa na takwas ke nan lokacin da aka aike shi? Wasa biyu aka ba shi a 2019 aka ajiye shi. Ya koma gasar jihohi ta Sheffield Shield, ya fi kowa cin maki a kakar 2022 zuwa 2023. Da Warner ya tafi, gurbin mai buɗe duka ya samu, wato ainihin gurbin Bancroft, sai masu zaɓe suka ɗauko Smith, wanda ba nan ne wurinsa ba, suka ɗora shi. Kafin shekarar ta ƙare aka mayar da Smith tsohon gurbinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu zaɓen sun ce hujjar wasa ce kawai suka duba, kuma mai yiwuwa gaskiya suka faɗa. Amma mutane ba su manta ba cewa a Mayun 2021 Bancroft ya yi hira da jaridar Guardian inda kalamansa suka nuna kamar masu jifan tawagar sun san da maganar samfefa, har su huɗun suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna musantawa. Ɗaya daga cikinsu, Pat Cummins, shi ne kyaftin a lokacin da aka tsallake Bancroft. Babu wata shaida cewa ramuwa aka yi. Abin da ake da shi shi ne tsarin da ba ya iya wanke kansa daga zargi, domin a ɗaki a rufe ake yanke hukunci, tsakanin mutanen da suka yi wasa tare. Bailey kansa ya buga wa ƙasar wasa tare da Warner da Smith.

Idan aka jera labaran biyu, abin da ya haɗa Amir da Smith da Warner ba girman tubansu ba ne, domin babu ma'aunin da ke auna zuciya. Abin da ya haɗa su shi ne babu mai maye gurbinsu. Wannan kuwa darasi ne mai haɗari ga yaron da ke tasowa a Lahore ko Perth: idan ka ƙware sosai doka za ta yi maka sassauci, idan kai matsakaici ne kai za a yi misali da kai.

Akwai masu cewa aikin mai zaɓe shi ne kawo nasara, ba wa'azi ba, kuma wanda ya gama zaman hukuncinsa ya biya bashinsa. Na yarda da rabin wannan magana. Wanda ya cika wa'adinsa yana da haƙƙin a auna shi da makinsa kamar kowa. Hana Amir wasa har abada saboda abin da ya yi yana ɗan shekara 18 a ƙarƙashin umarnin kyaftinsa zalunci ne. Amma wannan hujjar ita ce ta wajabta a auna Bancroft da makinsa shi ma. Ba za a ce an yafe ba, sannan yafiyar ta riƙa zaɓen gidan da za ta shiga.

Rabin da ban yarda da shi ba shi ne haɗa wasa da amana. Buga wasa sana'a ce, riƙe kujerar zaɓe amana ce. Laifin Butt ba ƙetare layi ba ne, shi ko jifa bai yi ba. Laifinsa shi ne amfani da ikonsa a kan yaron da ke ƙarƙashinsa. Haka ma Warner. Mutumin da ya ci amanar iko ana iya yafe masa, a gaisa da shi, ya yi sharhi a talabijin, ya ci abincinsa. Amma ba a ba kura ajiyar nama don ta ce ta tuba. Indiya ma ta taka wannan sawu: Mohammad Azharuddin, kyaftin ɗin da aka haramta wa kurket har abada a 2000 bisa zargin sayar da wasa, kotu ta soke haramcin a 2012, zuwa 2019 ya zama shugaban hukumar kurket ta Hyderabad.

Gyaran ba shi da wuya idan da niyya. Na farko, ICC ta shimfiɗa ƙa'ida ɗaya ga duk ƙasashe a kan abin da ke biyo bayan hukunci, kamar yadda ta tsaurara hukuncin taɓa ƙwallo a Yulin 2018 zuwa dakatarwar da za ta kai wasa shida na kwana biyar. A rubuta ƙarara cewa wanda ya gama wa'adi ya dawo layin zaɓe daidai da kowa, amma wanda aka samu da jan na ƙasa da shi cikin maguɗi ba zai zauna a kwamitin zaɓe ko ya shugabanci hukuma ba. Na biyu, a daina furta “har abada” a lokacin fushi idan an san bayan shekara shida za a lashe amai. Gara a ce shekara goma a cika ta. Na uku, mai zaɓen da ya yi wasa tare da wanda ake muhawara a kansa ya janye daga wannan hukuncin, kamar yadda alƙali ke janyewa daga shari'ar ɗan'uwansa. Na huɗu, duk lokacin da aka tsallake wanda ya fi kowa maki a gasar gida, kwamiti ya bayyana dalilinsa a rubuce.

Warner ya ci maki 164 a wancan wasan na Perth, magoya bayansa suka ce ya ba masu suka amsa. Amsar da ya bayar ita ce har lokacin ya iya dukan ƙwallo. Tambayar da ke gaban hukumomin kurket daban ce, kuma ba a amsa ta da sanda: shin doka ɗaya ce ga tauraro da ɗan aike? Har sai sun rubuta amsar sun manna a ƙofar ɗakin zaɓe, duk sunan da suka fitar zai fito da alamar tambaya a goshinsa.